Yadda Na Goge Muryar Inna

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, a ƙarshen shekarun saba'in, na sayi rediyo mai kaset. Duk ranar Juma'a in an tashi makaranta sai in naɗe ta cikin tsohon zane, in hau motar kasuwa zuwa gida Kurfi. Kowa a gidan ya yi murna da ita ban da Inna, mahaifiyarmu. Ranar da na fara ɗaukar maganarta na kunna mata, sai ta ja mayafi ta rufe baki.

"A kawar mini da akwatin nan," ta ce, tana kallon bango. "Mutum ya yi magana, maganar ta ƙi wucewa?"

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma zama ta yi hira da ni. Sai na koma yi mata wayo. In ta zauna kaɗin auduga a inuwar rumfa da hantsi, maƙwabciyarta ta shigo, sai in ajiye rediyon bayan buhun gero, in danna, in fice. A cikin shekara bakwai na cika kaset tara. Akwai labarin ƙuruciyarta a wani ƙauye kusa da Wurma, da sunayen rijiyoyin da suka ƙafe, da waƙar da take yi in tana niƙa. Akwai faɗanta da awaki. Akwai wani wuri da ta gaya wa maƙwabciyar cewa tun ina jariri ba na kuka in na ji yunwa, sai dai in yi ta kallonta, kuma har yanzu haka nake. Wannan ne kaɗai abin da na taɓa ji ta faɗa a kaina.

Ta rasu a tsakiyar shekarun tamanin, bayan gajeriyar jinya. Autarmu tana da shekara biyar a lokacin.

Kaset ɗin suka bi ni gida uku. Da na yi ritaya, zaren wasunsu ya fara mannewa, ɗaya ma rediyo ta tauna shi. A lokacin na riga na mallaki laftof, ina ɗan rubuce-rubuce. Na samo wayar haɗi, na kwashe kusan wata guda ina juye su ɗaya bayan ɗaya cikin laftof ɗin. Da na gama na ji kamar na sauke kaya. Kaset ɗin na zuba su a kwali na kai ɗakin ajiya, damina ta zo, rufi ya yi yoyo, suka ruɓe. Da na gani ban damu sosai ba, na sa aka zubar.

Auta tana aure a Rawayau, har ta fara aurar da nata 'ya'yan. Da ta ji labarin na juye muryar Inna cikin laftof ta kira ni.

"Yaya, ka sa mini a waya mana. Ni fa ban san muryarta ba."

Na ce ta bari in gyara tukuna. Akwai ƙara, akwai kukan kaji, akwai wuraren da ba a cewa komai. Ina so in yanke, in jera, in ba ta abu mai kyau. Ta sake tambaya da ƙaramar salla, ta sake da babba. Kullum amsata ɗaya ce. Shekara biyu muna haka.

Laftof ɗin kuwa ya tsufa. Babbar manhajar da ke tafiyar da shi ta daina samun sabuntawa, in na kunna shi sai na yi alwala na dawo kafin ya buɗe. Na karanta cewa akwai wata manhaja ta kyauta, mara nauyi, wadda ke farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci. Duk inda na karanta, abu na farko da ake cewa shi ne mutum ya kwafe kayansa zuwa wani wuri kafin ya fara. Na gani da idona. Filashin kwafe bayanai da nake da shi guda ɗaya ne, kuma a kansa na ɗora sabuwar manhajar. Na ce ai ba gogewa zan yi ba, zan zaunar da sabuwar ne a gefen tsohuwar.

Wata Asabar da safe na fara. Na zaɓi a raba ma'ajiyar laftof ɗin gida biyu. Aiki ya kai wajen rabi aka ɗauke wuta, batirin kuma ya daɗe da mutuwa. Allon ya yi baƙi. Da wuta ta dawo bayan azahar na kunna, tsohuwar manhajar ta ƙi tashi, sabuwar ma babu ita. Wani ɗan rubutu ne kawai fari a kusurwa.

Nan ya kamata in tsaya, amma ban tsaya ba. Na sake sa filashin. Aka tambaye ni ko a share ma'ajiya a ɗora sabuwar manhaja, na ɗauka rabin da na ware ake nufi, na amsa. Cikin minti ashirin laftof ya buɗe, fes, da sauri kamar sabo. Na shiga neman jakar da na sa wa suna Inna. Babu. Na ce wataƙila kuskure aka yi wurin ɗorawa, na sake ɗorawa, na kuma sakewa. Na kuma sauke wasu manhajoji da aka ce suna dawo da abin da ya ɓace, duk a kan laftof ɗin. Har la'asar ina abu ɗaya, ban ci abinci ba.

Ranar Litinin na kai shi wurin wani mai gyara kusa da tasha. Mutumin Filato ne, Kirista, ya manyanta, ya fi shekara ashirin a garin, kowa Injiniya yake ce masa. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba.

"Baba Malam, bayan ka share, sau nawa ka sake ɗorawa?"

Na ce sau biyu, ko uku.

Ya cire tabarau ya murza ido. "Da ka kashe shi nan take ka kawo mini, da wataƙila mun samu da yawa. Sharewa ba ta cika kashe abu ba. Abin da aka rubuta a kansa daga baya shi ke kashe shi. Mene ne a ciki?"

Na ce mahaifiyata ce. Ya ture aikin da ke gabansa, ya kwance laftof ɗin, ya ce in dawo bayan kwana uku.

Da na koma ya juyo mini da allonsa. Ya samo wasu hotunan bikin ɗiyata, da rabin wata wasiƙa, da sunaye tara a jere: Inna ɗaya, Inna biyu, har Inna tara. Ya danna na farko. Wani shuu ne ya fito, kamar ruwan sama a kan kwano. Muka bi su duka tara, muna zaune a benci ɗaya, ni da shi. A na bakwai na ce ya dakata, kamar na ji wani abu. Ya mayar baya sau huɗu. Ba komai.

"Ka yi haƙuri, Baba," ya ce. "Na yi iya abin da na sani."

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa Rawayau. Ban so in faɗa mata a waya ba. Na hau babur daga Kurfi, na same ta tana sussukar gero a tsakar gida. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta ga ban taɓa ba.

"Yaya, lafiya? Mi ya faru?"

Na gaya mata duka, ban rage laifina ba. Na ce ta roƙe ni shekara biyu, kuma aikin da bai fi minti goma ba ne. Ta daɗe tana kallon tabarya a hannunta. Na so ta yi mini faɗa. Ba ta yi ba.

"To ai kai ka ji," ta ce daga baya. "Muryar tata siririya ce ko mai kauri?"

Na saurari kaset ɗin nan sau da yawa, amma a wannan lokacin na kasa jiyo ta a kaina. Na ce tsaka-tsaki ce. Na ce in za ta yi dariya takan fara da tari kaɗan.

"Ta taɓa ambatona?"

Na ce ƙwarai. A kaset na shida ana jin kukanta daga ɗaki, Inna ta bar hira ta tashi tana cewa ga ta nan zuwa, ga ta nan zuwa. Auta ta sa ni na maimaita. Sannan ta juya mini baya, ta ɗauki tabarya ta ci gaba da sussuka, kafaɗunta na rawa. Na zauna nan har aka kira azahar.

Yanzu duk abin da na ajiye a laftof yana da kwafi a filashi, yana kuma da wani a wurin ɗiyata. In kwamfuta ta yi mini abin da ban gane ba, kashe ta nake yi in nemi wanda ya sani. Na koyi wannan da kyau, har maƙwabta kan zo tambayata. Sai dai abin da nake adanawa yanzu takardun fansho ne da hotunan suna.

Auta ba ta sake tayar da maganar ba. Tana gaishe ni kamar da, tana aiko mini da daddawa da kuka. Bara da ta zo duba ni ina zazzaɓi, ta shigo ɗaki ta tarar da laftof ɗin a kan kujera. Ta tsaya kaɗan, ba ta taɓa shi ba, ta zauna a ƙasa.