Mai Rumbu da Ranar da Aka Yi wa Haruffa Aski

Kafin kowa ya iso maɗaba'a, Mai Rumbu ta riga ta rataye jakarta, ta ɗora tabarau, ta kunna tsohuwar kwamfutar da ke bayan ƙofa. Wannan kwamfuta ita ce zakaran gwajin dafi. Duk manhajar da za ta shiga kwamfutoci goma sha huɗu na gidan nan, sai ta kwana uku a can tukuna. In ta nuna halin kirki, sai a kai ta rumbu, wato ma'ajiyar da kowace kwamfutarmu ke ɗaukar manhaja daga ciki. Nan sunan ya samo asali, har sababbin ma'aikata ba su san tana da wani ba.

Shekara goma sha tara tana wannan aiki, kuma gaskiya mun sha yi mata tsiya. Ka roƙe ta sabuwar manhaja, sai ta hau tambayar asalinta da danginta kamar mai binciken aure. Takan ce kowane ƙunshin manhaja da 'yan rakiyarsa yake tafe, ka buɗe wa ɗaya ƙofa ka tarar da goma a tsakar gida. Tsohon ƙunshi kuwa ba ta zubar da shi don sabo ya zo.

Ranar da muka san darajarta, an fitar da gwajin wani littafin tarbiyyar yara, sai ga ƙugiyoyin haruffa duk sun ɓace. Inda aka rubuta "Ku guji ƙarya" ya koma "Ku guji karya", sai ka ce da kare ake rigimar. Mu mun sha dariya, amma manaja bai yi ba, domin takardar amincewa na ɗauke da sa hannun dattijon da ke gyaran rubutu, wanda kowa ke kira Baba. Manaja ya ce ido ya tsufa, ƙarshen wata Baba ya je ya huta. Bawan Allah ya koma teburinsa yana ta goge tabaransa, mutumin da ya shekara talatin ko waƙafi bai kuɓuce masa ba.

Abin ya tsaya wa Mai Rumbu a rai. Ta zauna gaban kwamfutar mai tsara shafuka, ta buɗe bayanin abin da ya shiga da wanda ya fita. Ashe kwana ɗaya bayan Baba ya sa hannu, mai tsara shafuka ya haɗa kwamfutar da wani rumbun waje don ya samo manhajar ado. Manhajar kuwa ta zo da 'yan rakiya, suka fatattaki tsohon ƙunshin da ya san ƙugiya. Mai Rumbu ta rufe ƙofar wajen, ta ɗauko tsohon daga rumbunta, aka sake bugawa, kowace ƙugiya ta koma mazauninta.

Ta ajiye takardun biyu gaban manaja ta ce, "Ranka ya daɗe, idon Baba lafiyarsa ƙalau. Baƙo ne ya kori ɗan gida."

Manaja ya taka da ƙafarsa har teburin Baba ya ba shi haƙuri. Shi ma mai tsara shafuka, Mai Rumbu ta roƙa masa afuwa, sannan ta gwada manhajar adon nan da kanta ta sa masa ita a rumbu, bayan ta sallami 'yan rakiyar.

Mai Rumbu, ke ce wadda in aikinki ya yi kyau ba mai tunawa da ke. Ke ce mai ajiye tsoho don ranar wuya. Yau da kike ajiye aiki, muna murna, muna kuma jin kewarki tun ba ki fita ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Masu riƙe da kwamfutocin jama'a kuwa, ku koyi gwadawa kafin ku rarraba, ku koyi bincike kafin a ɗora wa wani laifi.

Baba, wanda har yanzu yana kan teburinsa, shi ya rako ta bakin ƙofa ɗauke da jakarta.

Ya ce, "Ƙanwata, ni rubutu kawai nake gyarawa. Ke sunana kika gyara."