Kilomita Tara na Ustaz Jibirin

Shekara ashirin da biyu Ustaz Jibirin ya yi yana koyar da fiziks a wata sakandare ta unguwar Umbadda, a gefen birnin Umdurman. Mutumin kirki ne, sai dai ya yarda da alli fiye da kima. Ko buhun gawayi za a ja, sai ya tsayar da mutane ya sanar da su cewa aiki shi ne ƙarfi sau nisa. Dangi dai haƙuri suke yi da shi.

Da yaƙi ya ɓarke, aka rufe makaranta, raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta ɓace a titi. Mahaifiyarsa Hajiya Ni'imatu, mai ciwon ƙoda, ta yi kwana goma sha ɗaya ba a wanke mata jini ba, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Asibiti ɗaya ya rage a arewacin Umdurman, kilomita tara daga gida, shi ma da azahar ake kashe janaretansa.

Jibirin ya aro amalanke ya ɗora ta, ya maƙala sikelin mahauci a gaba, ya ja a kan kwaltar bakin layi. Ya ninka abin da allurar ta nuna da mita dubu tara, ya raba da abin da jikinsa zai iya a awa guda.

"Awa huɗu ne, Yumma, har da hutu," ya ce wa mahaifiyar. "Mu bari gari ya waye sosai, masu bindiga sun fi sauƙi da rana."

"Kai ka yi karatu, ya waladi, ɗana."

Ƙarfe bakwai suka fita. Lissafin nan ba shi da aibu, illa dai a kan kwalta ya yi gwajin. Ko kilomita biyu ba su ci ba masu shingen bincike suka kore su daga titi, suka koma lunguna, inda babu komai sai rairayi. Tayoyi suka nutse. Ya tura da ƙirji, ya juya ya ja da baya, fatar tafin hannunsa ta saɓule. Tsoro ya kama shi, don ya fi kowa sanin abin da ke faruwa: ƙarfin da ake bukata ya ninka uku, ga shi shayi da busasshen burodi kaɗai ke cikinsa.

Sai bayan la'asar suka isa. Janareta ya daɗe da yin shiru. Ma'aikaciyar jinya ta ce sai jibi, in an samu mai.

Jibirin ya zauna a ƙasa kusa da taya, ya kasa ɗaga kai ya dubi uwarsa. Ita ce ta kamo hannunsa, ta yagi bakin mayafinta tana ɗaure masa.

"Ma'alesh, ba komai," ta ce. "Ka gaji."

Ba ta kai jibin ba.