Ramar da Ba a Ci a Gonar Babanmu

Bakura zuwa Mafara

Ana idar da sallar asuba maigidana Malam ya raka ni bakin titi. Zumuɗi ya hana ni karyawa. Gonar da babanmu ya bar mana a Kaya zan gani, wadda masu niƙan dutsen zinari suka yi aiki a gefenta har gubar dalma ta shiga ƙasar, muka daina shuka abinci a ciki. Bana ƙanena Sanusi, da ya karanta aikin gona, ya shuka rama da ciyawar jema, wai su za su tsotse gubar.

Amma ba kallo kaɗai ya kira ni ba. Baffa Jaɓɓi, makiyayi aminin babanmu, tun muna yara yake shigo da shanunsa gonar bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. In suka ci wannan ramar, gubar na iya bin nono ta shiga cikin yaran gari. Sanusi ya kasa haɗa ido da shi ya ce kada ya shigo.

Mafara zuwa Maradun

A tasha na sayi safar hannu da takalman roba kamar yadda Sanusi ya ce. Direban da ya ɗauke mu, wani mai barkwanci, ya tambaye ni asibiti zan yi aiki ko noma. Na ce duka biyun, gona ce ba ta da lafiya. Har muka wuce shingen sojoji na biyu fasinjoji na yi mini tambaya, ni kuwa ina ta bayani kamar ni na gano abin. Inda hanya ta yi shiru kowa ya koma salati.

Kaya

Daga Maradun ɗan kabu-kabu ya kai ni gidan Gwaggo Asabe. Ta aje mini hoce da fura, na ɗan taɓa, na ce a kai ni gona tukun.

Tabarakallah, ramar ta fi ni tsawo, kore shar, jema kuma ta zagaye ta. Ban san sa'ad da hannuna ya kai ga ganye ba, har na fara tunanin ƙuli-ƙuli. Sanusi ya riƙe mini hannu yana dariya. Ya ce abin da saiwa ta sha yana hawa har ganye, don haka ba a ci, ba a ba dabba, ba a hura wuta da karan. Yankewa za a yi a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya, a sake auna ƙasa, a sake shukawa. Ba aikin damina ɗaya ba ne.

Bayan la'asar muka iske Baffa a rugarsa. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi Malam da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan na faɗa masa batun gubar, na roƙe shi kada ya shigo da shanu gonar bana.

Ya jingine sandarsa ya ce:

"Ɗiyata, ubanki bai taɓa tare mani hanya ba."

"Baffa, da yana raye da shi zai zo da kansa. Nonon shanunka na sha na girma, shi nake so jikokinka su sha lafiya."

Ya tambayi Sanusi ko gonar za ta warke. Sanusi ya ce da yardar Allah, a hankali. Tsohon ya ce to ai jinya ce, kuma ba shanunsa kaɗai ke bin burtalin da ke gefen gonar ba.

Washegari da muka isa da laujuna, Baffa na tsaye a bakin gona. Garke biyu ya mayar kafin hantsi, bai zauna ba sai da aka rufe ramin.

Komawa gida

Baffa ya aiko mini da man shanu a ƙwarya, na rungume ta har Bakura. Na iske yara lafiya, Malam na jiran labari. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Allah Ya saka wa Gwaggo da Baffa, Ya ba gonarmu lafiya.