Ƙugiya a Tafin Babana

Kwanan baya a kasuwar Makarfi na tsaya gaban wani mai koli zan sayi allura, sai idona ya faɗa kan wata 'yar leda cike da ƙugiyoyin fatsa, an ajiye ta tsakanin maɓallai da reza. Na zaro ɗaya na taɓa bakinta da ɗan yatsa. Mai kolin ya ce, "Hajiya, yara za a kai wa? A ba ki nawa?" Na mayar masa da abarsa, na wuce, allurar ma ban saya ba.

A wani ƙauye na ƙasar Ikara na girma, can wajen Janfalan, a gidan kakana na wajen uba. Tsohon direba ne. Ya yi shekaru yana tuƙa wani Bature mai sayen auduga a Zariya, kuma a wurinsa ya koyo abin da mutanen ƙauyenmu ba su taɓa ganewa ba, wato kamun kifi don jin daɗi kawai. Su in sun je ruwa da koma suke zuwa, su ɗebo na miya su dawo gona. Shi kuwa sai ya wuni a bakin dam ya dawo hannu wofi yana fito.

Kayan fatsarsa a ɗakinsa suke, ba mai taɓawa. Akwai sandunan gora da ya gasa a wuta har suka miƙe, akwai gwangwanin alewa cike da ƙugiyoyi da 'yan guntayen dalma. Sai sanda guda da Baturen ya bar masa, mai ɗan keke a gindi da ke naɗe zare. Abin da ya fi ji da shi kuwa wani ƙarfe ne mai sheƙi kamar kan cokali, da ƙugiya mai baki uku a wutsiyarsa. In an ja shi a ruwa juyawa yake yana walƙiya, babban kifi ya zaci ƙarami ne ya kai masa cafka. Cokali muke ce masa.

Ni ce 'yar gaban goshinsa. Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ba na son tsohon miji marar kuɗin cefane, ya yi ta dariya har da tari. Duk ƙauyen ni kaɗai ce 'ya mace da ke zuwa fatsa. Innata ba ta so, amma wa ya isa ya hana? Shi ya koya mini haƙo tana a bayan makewayi inda ƙasa ba ta bushewa, da tara shinge, ƙwarin nan masu fiffike, a farkon damina. Ya koya mini cewa karfasa dusa take so, a kwaɓa da ƙuli-ƙuli a watsa mata tun jiya a inda za a zauna yau. Tarwaɗa kuwa a ƙasa take kiwo, abin wari take bi, hanjin kaza ko guntun sabulu. Mukan ɗaura totuwar kara a zare ta yi ta yawo a kan ruwa. In tana rawa, ƙanana ne ke tsakura, a ƙyale su. In ta nutse gaba ɗaya, a fizga. Yakan ce kada in bar inuwata ta faɗa ruwa, kada in taka ƙasa da ƙarfi, kifi na ji. Ban taɓa ganin mai haƙuri da yaro kamarsa ba, in dai ni ce yaron.

Babana ɗansa ne, kuma ban taɓa jin ya kira shi da suna ba. "Kai" ne, ko "wancan". Babana mai ɗinkin hula ne da aikin wuyan riga, har daga Kudan ake aiko masa. Mutum ne marar hayaniya, kuma yana tsoron ruwa, tsoro irin wanda kowa ya sani. Da damina in rafi ya kawo, ya gwammace ya zaga ta gada ko da zai rasa cin kasuwa. Duk da haka ranar fatsa shi Kaka ke ɗora wa kaya, tabarma da itace da jarkar ruwan sha, magidanci da 'ya'yansa. In ya sauke sai ya koma can nesa gindin tsamiya ya zaro hularsa ya ci gaba da ɗinki, ya ba dam baya.

Abin ya faru da bazara. Zafi ya ci ruwan har rassan wata ɗorawa da dam ya haɗiye suka leƙo, baƙaƙe kamar ƙonannu. Muna tare da abokan Kaka biyu da ba sa rabuwa da shi, wani tsohon ɗan doka da wani mahauci wanda kan zo da cinyar akuya don banda. Tun safe mun kama tarwaɗa da dama, amma hankalin Kaka na kan wani ƙaton kifi da ke korar ƙanana a gindin ɗorawar. Ya ɗaura cokali ya jefa. Ya sake jefawa kusa da rassan. A jifa na gaba zaren ya tsaya cak. Ya ja hagu, ya ja dama, ya saki ya sake ja. Cokali ya maƙale a itace.

Ya juya wajen tsamiya. "Kai! Ajiye allurar nan ka zo."

Babana ya zo ya durƙusa. Da ya ji abin da ake so, sai ya dubi ruwan, ya dubi ƙasa.

"Baba, ka san ban iya ruwa ba."

"Na sani. Ba wanda ya kai ni sani."

Mahaucin ya ce a bari ya kira samarin da ke ban-ruwan tumatir a can gaba, yanzu za su ciro. Kaka bai ko kalle shi ba. Ya ce, "Ina da ɗa a raye zan roƙi ɗan wani?"

Babana ya tuɓe riga ya ninke ta. Ya juye ruwan jarka, ya toshe bakinta, ya rungume ta da hannun hagu, ya kama zaren da na dama yana bi. Ya shiga ruwan. Laka na riƙe ƙafarsa. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Leɓunansa na motsi, na san addu'a yake. Da ya isa rassan sai ya rufe ido ya tura hannu ƙasa yana lalube.

A daidai lokacin Kaka ya fizgi sandar da duk ƙarfinsa.

Daga baya ya ce taimaka masa ya yi. Ni dai ina tsaye a gefensa, kuma na ga fuskarsa. Cokali ya saki itace ya shige tafin babana. Jarka ta kuɓuce, kansa ya nutse, ya taso yana haɗiyar ruwa. Kaka bai saki zare ba. Ya shiga juya ɗan keken nan a hankali, yadda yake yi in ya kama babba, yana janyo ɗansa ta hannu. Zaren ne ya fito da shi, gaskiya ne, ba don shi ba da wataƙila ya tafi. Amma da ya iso gaɓa yana rarrafe yana aman ruwa, ɗan dokan ya tuntsire da dariya ya ce, "Direba, yau kam ka kama na kirki!" Kaka ya yi murmushi.

Baki guda na ƙugiyar ya nutse a gindin yatsunsa. Mahaucin ya duba ya ce abin da kowa ke yi shi ne a tura ta ta ɓullo, a datse kan da filaya, sai ta zare salin-alin. Kaka ya ce ba za a datse ba, irinta babu ko a Kano. Ya karɓi wuƙar mahaucin ya wasa a dutse. Ɗan dokan ya danne hannun a kan gwiwarsa. Babana bai yi ihu ba. Ni yake kallo, ya ce, "Juya baya, uwata." Ban juya ba. Da cokali ya fito Kaka ya wanke shi a ruwa, ya ɗaga shi a rana ya duba ko ya lanƙwashe, ya goge da bakin riga ya mayar gwangwani. Mahaucin ne ya yagi rawaninsa ya ɗaure ciwon.

Ka zaci gida aka tafi? Banda aka yi. Kaka ya ce kifi ba zai jira ba, kuma ranar ce ya zaɓa ya koya mini. Aka haƙa rami, aka jera ɗanyun sanduna a kai. Ya nuna mini yadda ake wanke yauƙin tarwaɗa da toka, a shafe ta da gishiri da citta da masoro, a naɗe ta zobe a soke da tsinke. Naman akuya a yanka shi falle-falle. Itacen marke ko tsamiya, ban da darbejiya, ɗaci take sawa. Ba a son harshen wuta, garwashi ake so. Sai ya kawo asirinsa, busasshiyar tukar rake daga wurin masu mazarƙwaila, ya yayyafa mata ruwa ya zuba a kan garwashin, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Hayaƙi mai zaƙi ya tashi, nama ya yi ja kamar an shafa masa zuma. Da itace ya yi ƙasa, babana aka aika ya ƙaro, da hannu ɗaya. Kaka ya yago mini tsoka mafi laushi ya sa mini a baki, yana tambaya ko amarya ta yafe kuɗin cefane. Babana yana zaune a bayanmu, jini ya rine tsumman. Ba wanda ya miƙa masa.

Washegari Inna na gasa wa babana hannu da ruwan zafi, na tambaye ta me ya yi wa Kaka. Ta jira ya fita sannan ta gaya mini. Ashe babana yana da wa, wanda Kaka ya fi so a duniya. Suna yara suka je rafi, ruwa ya ja wan. Babana, wanda lokacin ko haƙoran gaba bai famfare ba, ya tsorata ya gudu gida ya ɓuya a bayan rumbu, bai faɗa wa kowa ba sai da aka fara cigiya. Shi ke nan laifin.

Hannun ya kumbura har gwiwa. Sai da aka kai shi asibiti a Ikara, aka ce wuƙar ta taɓa jijiya. Ciwon ya warke, amma yatsu biyu suka naɗe cikin tafi, ba su sake miƙewa ba. Ya yi ta gwada riƙe allura tana zamewa. Hular da yake ɗinkawa ranar nan ba a gama ta ba. Ya koma noman barkono da dako a kasuwa.

Kaka ya daɗe a duniya, kuma da hankalinsa ya tsufa, bai ruɗe ba ballantana a yi masa uzuri. Da ƙafa ta ƙi, babana ke ɗaga shi, shi ke masa wanka, shi ke cire masa ƙayar kifi da wannan hannun. In ya ci karo da ƙaya guda sai ya tofar ya ce, "Ko wannan ba ka iya ba." Da ya rasu zaure ya cika. Mutane suka yi ta faɗin kyautarsa, wai ba wanda ya taɓa wucewa ta wurin bandarsa bai ci ba. Babana na zaune a tsakiya yana amsa gaisuwa, yana cewa Allah ya jiƙansa, kuma na san har zuciyarsa yake faɗa.

Yanzu dam ɗin ya cike da yashi, injinan ban-ruwa sun shanye sauran. Kifin da ake ci a ƙauyen a tankin roba ake kiwonsa a bayan gida, a yi bandarsa a duro. Yaran yanzu ba su san totuwar kara ba. Ni ina aure a Zariya, kuma duk unguwarmu in an yi layya ni ake kawo wa nama in yi banda, har tukar rake nake sa a kawo mini. Babana ya tsufa, jikokinsa na hawa kansa suna wasa da gemunsa, bai taɓa daka wa ɗayansu tsawa ba.

Sallar da ta wuce na ware masa mafi kyau, na kai masa da kaina. Ya yi bismilla ya ɗauki yanka guda, ya daɗe yana taunawa. Sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, uwata. Hannunsa kika ɗauko."

Ya rufe kwanon, ya kira yara ya ba su, ya ce in miƙo masa buta ya wanke baki.