Dabinon da aka ba ni na kai wa Kaka

Kakana bai so aka kai ni makarantar sistoci a Madani ba. Babana ne ya kafe, wai a can ake karatu na gaske. Da ƙyar tsohon ya yarda, da sharaɗi ɗaya: ranar da ya ji na tsoma baki a addu'arsu, sai dai in dawo ƙauye tsinkar auduga. Ni kuwa duk duniya ba abin da na tsana kamar tsinkar auduga.

Kowace safiya muna jeruwa a tabur, layin da ake yi a tsakar makaranta. Kiristoci su haɗa tafin hannu suna addu'a, mu Musulmi mu naɗe namu a ƙirji mu yi shiru. Daga ƙarshe sista takan tambayi ko akwai mai wanda yake so a roƙa masa Allah.

Wadda muke zama benci ɗaya da ita 'yar Kudu ce, doguwa, ba ta da surutu. Yaƙi ya raba su da babanta, ba su san ko yana raye ba. Kullum ita ce ta farkon ɗaga hannu ta faɗi sunansa. Lokacin da innata ta kwanta da zazzaɓi ma sai da ta ɗaga hannu saboda ita, ni ina tsaye ina kallon takalmina.

Wata Alhamis ina shirin tafiya gida ta tare ni a bakin ƙofa. Da Larabci ta ce min mamarta ta ji labarin cewa addu'ar malaman Hausawa ba ta faɗuwa ƙasa, kuma an ce kakana faki ne, wato malami. Ta miƙo min dabino ƙulle a hankici in kai masa ya yi musu addu'a, ta maimaita min sunan babanta har sau uku. Na ce mata ta kwantar da hankalinta.

A mota tsoro ya kama ni. In na faɗa wa Kaka, zai tambayi yadda aka yi har muka kai ga zancen addu'a. Da na sauka sai na zauna a bakin tur'a, magudanar ruwan gonakinmu, na cinye dabinon tas, na watsa ƙwallayen a ruwa. Ba yunwa nake ji ba.

Da na koma na ce mata Kaka ya karɓa, ya ma ce babanta na nan tafe. Wannan ƙarin ba wanda ya sa ni, bakina ne kawai. Ta riƙe hannuna tana dariya, ta ce bari ta je ta gaya wa mamarta. Wata biyu bayan haka labarin rasuwarsa ya iso. Aka yi masa addu'a a tabur, kuma da aka watse ta zo ta ce in yi wa kakana godiya, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ban iya kallon fuskarta ba har shekarar ta ƙare suka bar garin.

Sai da na yi aure na haihu na iya gaya wa Kaka. Lokacin idonsa ya tafi, yana zaune a kan buzu ƙarƙashin dalbejiya. Na zata faɗa zai yi. Sai ya ce:

"Ke amarya, addu'assu nac ce kar ki shiga. Yaushe nac ce kar ki kawo min ɗiyar mutane da ubanta ya ɓace?"

Ya laluba ya jawo carbinsa.

"To, ko yanzu a roƙa ma yarinyar haƙuri. Mi as sunan uban nata?"

Na buɗe baki, na nemi sunan nan sama da ƙasa, na rasa.