Layin Dogon da Manhaja Ta Ƙi Ajiyewa

Ni maɗinki ne, ɗan maɗinki, a Tudun Wada aka yanke mini cibiya. Aikin reluwe ne ya kawo kakana Minna, shi kuwa Baba allura ya riƙe har idonsa ya gaza. Aikin babbar riga yake yi da hannu, irin wanda mutum zai kawo shadda kafin azumi ya karɓa bayan babbar salla, kuma bai isa ya yi ƙorafi ba. Zanen aska biyu da na aska takwas duk yana yi kamar kowa. Amma akwai zane guda da shi ya ƙirƙiro abinsa. Layi biyu ne ke tasowa daga bakin aljihu, su hau ƙirji su tsallake kafaɗa, da 'yan sanduna gicciye a tsakaninsu, can baya su ƙare a wani zagaye mai kama da ƙafar jirgin ƙasa. Layin dogo ake ce masa. Ba kowa Baba yake yi wa shi ba, sai wanda ya kwanta masa a rai.

Da na kawo ƙarfi na buɗe shago a Tunga, na sayi injin aiki mai amfani da kwamfuta. Baba ya zo ya zagaya shi, ya taɓe baki ya ce keken malalata. Duk da haka shi ne ya riƙa hawa acaɓa yana zuwa, ya zauna kusa da ni muna shigar da zanensa cikin kwamfutar. Ya kan kai hancinsa dab da gilashin ya ce, "Nan ka matse. Nan kuma ka sake, ba ɗaurin kaya kake yi ba." Layin dogo ne ya fi ba mu wuya, shi ne kuma na ƙarshe da muka gama kafin Allah ya yi masa rasuwa.

Ban yi sakaci da abin ba, wannan kam zan faɗa ko a gaban wa. Wani dillali a nan gari ya sa mini manhajar wani kamfani, ya ce duk abin da ke cikin kwamfutata za ta riƙa kwafewa tana kai wa can wurinsu, ko shago ya ƙone aikina yana nan. Kullum da yamma kafin in rufe shago sai wata koriyar alama ta fito, da rubutu cewa an ajiye komai. Har cika baki nake yi a majalisa, ina yi wa 'yan uwana maɗinka dariya da filashinsu da suke ɗaurewa a jikin makulli.

Shekaru suka tafi a haka. Ranar da aka sa bikin babban ɗana, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce abu ɗaya take so: ango ya sa layin dogon kakansa. Na ce an gama. Aikin yini ɗaya ne a wurin inji, don haka ban ma yi gaggawa ba.

Ana cikin damina aka kawo wuta da ƙarfi wata safiya, kwamfutar ta yi wani ɗan ƙara, ƙauri ya tashi. Mai gyara ya buɗe ta ya ce rumbun da ke ajiye bayanai ya ƙone ƙurmus. Ko a jikina. Na sa ya saka sabo, na zauna na harɗe ƙafa ina jiran manhaja ta dawo mini da kayana. Ta kuwa dawo da su. Ga hotunan suna, ga wa'azin da nake saurare, har da wani hoton akuya da ban san yadda aka yi ya shiga ba. Na buɗe inda zanen Baba yake. Sunan yana nan, ciki wayam.

Nan take na kira lambar kamfanin. Aka sa mini kiɗa har kunnena ya yi zafi, sannan wata yarinya mai ladabi ta ɗauka da Turanci. Na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce in kashe kwamfutar in kunna. Na kashe na kunna. Ta ce za su neme ni. Ba su neme ni ba. Washegari wani ne daban ya ɗauka, na sake faro labari daga kakana, shi ma ya ce in kashe in kunna. Haka muka yi ta yi. Duk wanda na samu bai taɓa jin labarina ba, kuma duk suna ba ni haƙuri da murya iri ɗaya. Wani har cewa ya yi in turo musu fayil ɗin da ya ɓace don su duba shi. Na ce masa, "Ɗan'uwa, da yana hannuna ai da ina gaban injina, ba a waya da kai ba."

Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani da suka ce babba ne. Shi ya gaya mini gaskiya, ba tare da ko muryarsa ta canja ba. Manhajar tasu ba ta san irin fayil ɗin da injin ɗinki ke karantawa ba, duk wanda ba ta sani ba kuma tsallake shi take yi. Na tambaye shi koriyar alamar fa, da take cewa an ajiye komai? Ya ce ma'anarta an ajiye duk abin da manhajar ta zaɓa. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Da na nemi dillalin kuwa, sai na tarar ya koma sayar da kayan sola, ya ce shi tuni ya bar waccan harkar, amma in ina son batir zai yi mini sauƙi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kunya kuma ta fi ɓacin ran. Biki ya matso, shadda na ninke a shago, ban kuma iya buɗe baki na gaya wa Inna ba. Na gwada zana shi da ka. Siffar tana idona, amma awon ya gudu. Na ɗinka gwaji a kan ƙyalle na kai gida, matata ta juya shi ta ce, "Wannan tsanin na wane ne?" Ban ci tuwo ba ranar.

A gidanmu babu ko riga ɗaya mai wannan zane. Baba jamfa mara aiki yake sawa, duk kyawun hannunsa a ƙirjin mutane yake. Sai na zauna na tuno waɗanda ya yi wa, na shiga bin gidaje. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. A nan na tuna abin da kowa ya sani game da babbar riga a garin nan: ba ta tsufa a hannun mai ita. Mutumin kirki ya sa ta salla biyu uku, sai ya tuɓe ya ba wani don girmamawa. Gida na farko suka ce an kai ƙauye. Na biyu suka ce wani maroƙi ya tafi da ita ranar wani biki.

Gida na uku na wani Alhaji ne mai sayar da hatsi. Ɗansa ya ce ya tuna rigar sarai, ruwan toka ce, mahaifinsa ya ba surukinsa. Na sami surukin, ya ce ya ba direbansa lokacin da ya dawo daga Makka. Direban ya tsufa, na same shi a bakin masallaci. Ya yi dariya ya ce ai ta yi masa yawa, ya ba wani maƙwabcinsa a Chanchaga ranar da maƙwabcin yake aurar da 'yarsa. Na tare keke mai ƙafa uku ko azahar ban jira ba.

Maƙwabcin dattijo ne daga kudancin Kaduna, tsohon ma'aikacin reluwe, kuma dattijon coci. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran gyaɗa. Muka gaisa, na faɗi ko ni ɗan wane ne da abin da ke tafe da ni. Ya shiga ɗaki ya fito da ita a ninke cikin tsohon zane, tana ƙanshin kafur. Tun kafin ya gama warwarewa na ga layukan nan biyu sun hau kafaɗa. Sai da na nemi wuri na zauna.

Na ce, "Baba, aro nake roƙo, na 'yan kwanaki. In kuma za ka sayar, ka faɗi abin da kake so."

Ya girgiza kai. "Riga nan ba ya kwana waje, ɗana. Kirsimeti nake sa shi, da ranar godiya na kaka. Na gaya ma yara, ranar da na mutu da shi za a sa ni a akwati."

Ke nan wannan ma, wadda ƙila ita ce ta ƙarshe, ƙasa za ta tafi. Na gaya masa labarin manhaja da na kamfani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato ka ba mutum ajiya, shi ya zaɓi wanda ya ga dama ya riƙe?" Na ce haka ne. Ya yi tsaki, ya mayar da rigar cikin zanen. Sannan ya ce, "Ba zai kwana waje ba. Amma ni zan iya yini waje."

Haka kuwa aka yi. Kowace safiya sai ga shi a Tunga, ƙunshinsa a hammata. Na ba shi kujerar da Baba ke zama. Ya sha kunu, ya ba abokan cinikina labarin jirgin Kaduna da na Baro, ya yi gyangyaɗi, ya farka ya duba ko rigarsa na nan. Ni kuwa na shimfiɗa ta a kan tebur ina bi da tef da takarda mai shara-shara, sanda bayan sanda. Da na juya cikinta don in ga inda zare ya bi, na ga ƙullin Baba, ƙanana a jere, yadda yake yi ya ciza zaren da haƙori. Na daɗe ban yi kewarsa irin ta ranar ba. Na shiga bayan labule na share ido, dattijon ya yi kamar barci yake.

Gwajin farko ya karkace a kafaɗa. Na biyu zagayen baya ya yi ƙanƙanta. Na warware, na sake awo, na sake shigarwa. Da na ɗora na ƙarshe a kan tsohuwar rigar, layi ya hau kan layi, ko sanda ɗaya ba ta kauce ba. Ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya yi girma. Kamfani guda da injiniyoyinsa sun ce abu ya tafi har abada, ni da tef da wani tsoho mai shan kunu mun dawo da shi. Na sa a filashi, na tura wa ƙanwata ta waya, na buga a takarda na kai gida. A ranar ne kuma saƙon kamfanin ya shigo, wai suna so in faɗi yadda na ji daɗin hulɗa da su. Na faɗa musu.

Inji ya yi nasa a kan farar shadda, wuyan rigar kuwa da hannuna na gama shi, duk da yatsuna sun manta allura har sai da suka yi jini.

Ranar ɗaurin aure a Tudun Wada, ana fitowa daga masallaci sai ga dattijon tsaye a bakin rumfa, sanye da ruwan tokarsa, ba Kirsimeti ba, ba ranar godiya ba. Na kama hannunsa na kai shi kusa da ango. Tsofaffin unguwa suka tsaya suna duban wannan suna duban wancan. Wani ya ce, "Allah ya ji ƙan mai wannan hannu," aka amsa da amin. Na gaisa da jama'a ranar ƙirjina a buɗe.

Bayan an watse, Inna ta aiko a kawo mata ango. Idonta ya yi rauni, don haka ta sa ya durƙusa a gabanta, ta ɗora yatsu a bakin aljihu. Ta bi layin a hankali, ta hau ƙirji, ta tsallake kafaɗa, ta sa ya juya har ta taɓa zagayen baya. Sai ta dawo kan wuya, ta daɗe a wurin tana shafawa. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ni ne ɗanta na fari, tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yabe ni a kan idona. Ba ta dubi inda nake ba. Ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Ki gaya wa yayanki, wuyan nan ba inji ba ne. Na ji hannun gidansu."