Bayan Buhunan Albasa

Ranar Litinin ta farko bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji biyar, muna cikin jirgin ruwan da ke ƙetarar da mu makaranta, lallen Sallah bai ma goge daga hannuwanmu ba, sai mai jirgin ya leƙo ta saman buhunan albasa ya ce, "Saratu, taho ki kwalhe ruwa." Saratu ƙawata ce, benci ɗaya muke zama, kuma ko da yake Kirista ce, a gidanmu ta ci tuwon Sallah. Ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar jakata kamar ban ji ba. Ta haye buhunan ta sauka can baya wurin inji, muka daina ganinta. Da muka kai tsakiyar ruwa, inda ba a hango komai sai kawunan matattun itatuwa, sai jirgin ya tsaya cak, injin kuwa yana ta kururuwa. Har yau in na ji inji ya canza murya a kan ruwa, sai na waiwaya bayan jirgi.

Ƙauyenmu yana bakin tafki ne a ƙasar Ngaski. In ruwa ya janye, da ƙafa muke zuwa makaranta, muna tsinkar ɗinya a hanya muna tsokanar shanun Fulani. In ya cika, hanyar ta nutse wata da watanni, sai jirgi. Mai jirgin baƙo ne, lokacin albasa yake zuwa, Baba Direba muke ce masa. Ba ya karɓar ko sisi daga 'yan makaranta, saboda haka iyayenmu kullum cikin sa masa albarka suke, Inna ma takan aike ni da kifin banda in kai masa. Jirginsa na katako ne, yana yoyo kamar kowane jirgi, dole a samu mai zama a baya da yankakkiyar jarka yana kwalfe ruwa. Shi kuwa ya ce yara maza wasa ya yi musu yawa, mata sun fi natsuwa. Albasar da yake kaiwa kasuwar Yelwa kuma a tsakiya yake jibge ta, ta zama katanga tsakaninmu da shi. Ba wanda ya taɓa ganin aibun wannan tsari.

Mu 'yan mata mun sani, amma ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Kowacce dai da dabararta: wata ta yi sammako ta kama gaban jirgi, wata ta ɗora ƙanenta a cinya, wata ta ƙirƙiri tari. Ran nan lokacin hutun tara, muna bayan aji gindin mangwaro, na fito da duwatsun carafke, Saratu ta ƙi taɓawa. Ta faɗa mini inda Baba Direba yake kai hannunsa, da abin da ya ce zai yi mata a tsakiyar ruwan nan in ta buɗe baki. Ta iya iyo kamar tarwaɗa, amma wannan bai hana ta tsoronsa ba. Bayan mako biyu ta daina zuwa makaranta, aka ce wai karatun ne ba ya shiga kanta, yarinyar da ke koya mini lissafi!

Me ya hana ni faɗa a gida? Babana ne. Da ƙyar ya yarda aka sa ni boko, kuma tun ranar farko ya kafa sharaɗi: "Ran da duk naj ji wata magana, boko ya ƙare." Na san Baba, ba zai tsaya tambayar mai laifi ba, 'yarsa kawai zai janye. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina. Sai na riƙe bakina, ina daka, ina ɗebo ruwa, ina juya kifi, zuciyata tana can cikin jirgi. Wata Alhamis muna sauka, Baba Direba ya bi ni da ido ya ce, "Ɗiyar Malam Umaru an girma. Litinin ke za ki taimake ni." Ban san yadda na kai aji ba.

Ran Lahadi da la'asar aka bar ni ina gadin banda a bayan gida. Na daɗe ina kallon wayar ƙarfen da ake jera kifi a kai, wuta tana ci a ƙarƙashinta. Tunanina na yarinya ya ba ni cewa mai ciwon hannu ba ta kwalfar ruwa. Na cusa bakin zanena cikin baki, na ɗora tafin hannuna na dama a kan wayar, na danna.

Ihuna ya fito da Gwaggo Tumba, yayar Baba, wadda ta tsufa a bakin banda, idanunta kullum jajaye don hayaƙi, bakinta kuwa har maigari tsoronsa yake. Ta kama hannun ta juya, ta ga layuka uku a miƙe kamar an ja su da rula. Ta kori Inna ɗebo zuma, sannan ta dube ni. "Ke Kulu, ni za ki yi ma wayo? Ƙunar tsautsayi ga bayan hannu taka kamawa. Wagga ke kika aza ta da kanki. Mi kike gudu?" Nan na fashe, na faɗi komai, ina roƙonta don Allah kada Baba ya ji. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba, ta dai shafa mini zuma ta ɗaure hannun.

Da safe sai ga ta a bakin ruwa da tsohuwar ƙwaryarta. Ta shiga jirgi ta zauna kusa da ni. Da Baba Direba ya leƙo ya kira sunana, ta miƙe ta ce, "Hannunta ya ƙone. Ni za ni kwalhe maka, Direba." Ya fara cewa ai aikin yara ne, kafin ya rufe baki ta tattare zane ta haye buhunan. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na safiyar nan ba. Muka kai wurin matattun itatuwan, jirgin ya rage gudu, na ce shi ke nan, zai tura tsohuwa cikin ruwa, kuma ni na jawo mata. Na danne ƙunar hannuna don kada in yi ihu. Can sai na ji ƙwarya tana kartar katako, ruwa yana zuba waje, jirgin ya ci gaba da tafiya.

Gwaggo ta kai maganar wurin matan banda, washegari uwar Saratu ce ta zo da ƙwarya, jibi wata. Matan banda, Musulmi da Kirista, suka raba kwanakin a tsakaninsu kamar yadda suke raba kwanan gayya, ba wadda ta fasa ko da kifinta yana kan wuta. Suka kuma tsaya wa sarkin ruwa a ƙofar gida har sai da ya hana a tara kaya ya wuce gwiwa a jirgin da ke ɗauke da yara. Baba ya ji, kamar yadda na yi tsoro, ya ce in ajiye jaka. Ina daga cikin ɗaki na ji Gwaggo tana ce masa, "Ummaru, ɗiya ba ta yi laihi ba. In akwai wanda za a hidda cikin jirgin ga, ba ita ba ce." Da safe Baba ya raka ni bakin ruwa da kansa. Kafin albasa ta ƙare Baba Direba ya kwashe jirginsa ya bar yankinmu. Ba wanda ya kai shi ƙara, kuma wannan yana ci mini rai har gobe, don duk inda ya nufa akwai 'yan mata a can.

Yau ni ce shugabar wata makarantar firamare a ƙasar Shanga. Malamai suna yi mini tsiya wai na tsani ƙofa, don na hana a rufe aji ko ofis da yaro a ciki, kuma duk yarinyar da ta zo da ciwon da ban gane kansa ba sai na zaunar da ita. Yanzu akwai inda ake kai ƙara, yara suna da bakin magana fiye da namu, ƙauyenmu ma ya samu makarantarsa. Gwaggo ta daɗe da rasuwa. Saratu tana sayar da kifi a Yelwa, in na je mukan yi hira mu yi dariya, takan lissafa canji kafin in buɗe jaka. Ba mu taɓa tayar da zancen jirgin ba, amma in za mu rabu takan riƙe hannuna na dama ta shafa tabon. Da ma tun ranar da aka kira sunanta na buɗe baki.